Dan Allah ku ba ni shawara, yaran shagona sun ƙi aiki da kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon sari na kayan masarufi a kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, shinkafa, suga, madara, taliya da sauransu, gado ne daga mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Bayan sallah na sayo kwamfuta da ɗan injin nan mai karanta lambar jikin kwali, aka sa mana manhajar da za ta riƙa lissafa abin da ya shiga sito, abin da ya fita da waɗanda muke bi bashi, har sola na haɗa saboda matsalar wuta. Amma wlh har yau littafi ake ja. Yaran kullum da uzuri, yau babu netwok, gobe kwastoma na sauri. Shi kuwa Baba da ke riƙe da sito tun zamanin mahaifinmu ko taɓa ta bai yi ba, ya ce lissafin duk yana kansa. Ba na son korar kowa, kuma ba zan iya ɗaga wa Baba murya ba, a gabansa na girma. Ya zan yi?

Mai shagon tayil, Kakuri:
Wa alaikumussalam. Alhaji bari in faɗa maka gaskiya tunda ni ma yaron shago na yi kafin Allah ya ba ni nawa. Ba kwamfutar suke ƙi ba, aljihunsu suke karewa. Ka ce a sayar da kwali a kaza, yaro ya ɗora ɗari biyu ko ɗari biyar, da wannan yake cin abincin rana ya hau Keke zuwa Rigasa, kai ma ka san ana yi, kowa a kasuwa ya sani, ba sata ba ce a wurinsu. To yanzu ka kawo abin da zai buga rasit da farashi ɗaya, ka toshe ƙofar nan ba ka buɗe wata ba. Ka zauna da su ka yanka masu kamasho a fili a kan duk abin da aka shigar da sunan mutum, wanda bai bi ta kwamfuta ba babu kamasho. Za ka ga netwok ya dawo da kansa.

Malama, Unguwar Rimi:
Ɗan'uwa maganar Baba ce ta fi damuna. Dattijon da shekara da shekaru shi ake tambaya, yau a ce yaro sa'an jikansa zai tsaya a kansa yana cewa ba nan ba Baba danna nan, a gaban 'yan dako da kwastomomi? Kunya ce da tsoron kar a ce zamaninsa ya wuce. Kuma ka duba, manhajar da Turanci take ko? Wataƙila karatunsa na allo ne da ajami, ba zai fito ya faɗa maka ba. Kar ka tilasta masa dannawa. Ka haɗa shi da yaro ɗaya mai ladabi, Baba na ƙirga kaya yana faɗa yaron na shigarwa, kuma ka ce babu abin da zai fita sito sai da amincewarsa. Girmansa na nan, lissafinka ya shiga.

Ɗalibin Kadpoly (kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna):
Yallaɓai a tambayi wanda ya sa manhajar ko tana aiki ba intanet, da yawa suna ajiye bayanan sai data ta zo su tura. In tana yi uzurin netwok ya ƙare. Sannan a rage sunayen kaya, a rubuta su yadda ake kiransu a shago.

Hajiya mai atamfa, Kasuwar Barci:
Ɗana ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka ɓace. Waɗanda suka rantse ba za su karɓi taransifa ba su ne suka fara neman POS na Moniepoint da OPay, har masu tumatur, ba wanda ya yi masu lacca, amfanin suka gani. Ka fara da abu ɗaya, bashi. Ranar da kwastoma ya zo yana musu aka buɗo masa rana da adadin buhun da ya ɗauka, yaron da aka saba zargi ya fita, gani ya kori ji. Littafin kuma kar ka ƙwace yanzu, a riƙa yin biyun tare na wata ɗaya ana gwadawa duk yamma. Kuma kai ma ka zauna a kanta da hannunka, in maigida daga waya kawai yake leƙawa za su ɗauka ɗan leƙen asiri ka kawo masu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zancen kamashon zan fara da shi ranar Asabar in an rufe shago, Baba kuma gida zan same shi mu yi magana mu biyu. Mai tayil dan Allah kai a kan kwali kake yankawa ko a kan jimlar cinikin rana?

Mai shagon tayil, Kakuri:
A kan kwali Alhaji, kuma duk sati nake biya, in ka bari sai ƙarshen wata za su koma ɗorawa.