Ƙafafun Baba sun rame: tafiya kaɗai ta isa?

Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a, Baba ya haura 70, cinyoyinsa sun zube, ba ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Takawa zuwa masallaci ba ta wadatar ba?

Bakatsiniya: Ba ta isa ba, ɗan'uwa. Tsoka sai da nauyi take ginuwa. A jingina kujera da bango, ya zauna ya miƙe sau 10, ya huta minti 1, ya maimaita sau biyu. Kwana 3 a mako, ba a jere ba. Kada ya riƙe numfashi, jininsa zai hau.

Badauri: Kuma koko zalla ba ya gina jiki. A haɗa masa da ƙwai, ƙosai, kindirmo ko kifi. In yana da ciwon ƙoda, likita ya ƙayyade masa tukuna.