Neman shawara: agogon ne ke sharara ƙarya, ko zuciyata ce ke da matsala?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu gudu da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu ku taimaka mini. Shekarata 41. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki, sai na fara sassarfa bayan sallar asuba a wajen filin wasa na Agege, na kuma sayi agogon zamani mai auna bugun zuciya. In ina zaune yana nuna 68 zuwa 72. Da na fara gudu sai ya tsaya wajen 100 na ɗan lokaci, can kuma ya yi tsalle zuwa 174, ya kafe a wurin. Ko na rage gudu ba ya sauka sai na koma tafiya. Alhali ni ba na haki, har hira nake da abokin guduna. Ranar da na shiga ɗaga ƙarfe kuma akasin haka ne: ƙirjina na dukan uku-uku, agogo na cewa 90. Na karanta cewa a cire shekarun mutum daga 220, nawa ke nan 179. Wato kullum ina bakin iyaka? Uwargida ta ce in ajiye gudun nan tun kafin a kwaso ni a Keke. Ni kuwa ina da burin shiga na kilomita 10 a gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu.

Mai Gwanjo:
Wa alaikumus salam. Malam cire agogon ka ba yara. Kakanninmu sun taka daga Kano har Gwanja fataucin goro, babu wanda ya ƙirga musu bugun zuciya.

Ɗan Tsere Surulere:
Mai Gwanjo, kakanninmu ba su wuni a zaune cikin go-sulo na Oshodi ba. Bar mutum ya nemi lafiyarsa.

Yaya Ɗan Agege, abin da ka kwatanta sananne ne a wurin masu gudu, kuma kusan na tabbata takunka agogon ke ƙirgawa. Juya bayansa ka ga koren hasken da ke ƙiftawa. Wannan hasken yake harbawa cikin fata. Jini na shanye koren haske, don haka duk bugun da zuciya ta yi, jini ya ƙaru a ƙananan jijiyoyin tsintsiyar hannu, hasken da ke dawowa sai ya ragu kaɗan. Wannan raguwa da ƙaruwar yake lissafawa. Bambancin ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Kana zaune, babu abin da ke damun sa, sai ya ba ka lamba mai kyau. Kana gudu kuwa, kowane taku yana girgiza agogon, yana kaɗa jinin hannun, hasken waje na kutsawa ta gefe. Kamar ka ce za ka saurari raɗa ne a gefen janareta. Agogon yana da na'urar gane motsi da yake ƙoƙarin tace hayaniyar da ita, amma wani lokacin sai ya kama abin da ya fi ƙarfi kuma yake maimaituwa daidai-wa-daida, wato takun ƙafa. Mai sassarfa yakan yi taku 150 zuwa 180 a minti, ka ga lambar ta yi kama da ta bugun zuciya, shi ya sa mutum ba ya zargin komai.

Ga yadda za ka kama shi. Buɗe manhajar agogon a waya, ka duba zanen yawan taku da zanen bugun zuciya na gudun jiya. In ka ga layukan biyu sun hau kan juna, 174 nan 174 can, magana ta ƙare. Zuciyar gaske a hankali take hawa, tana ƙaruwa a hawa tudu, tana sauka in ka sassauta.

Na ɗaga ƙarfe kuma dalilinsa daban. In ka damƙe ƙarfe, tsokar hannu ta ɗaure, tsintsiya ta lanƙwashe, jinin wurin ya matse, agogon ya ɗaga daga fata. Ga shi kuma dama yana da jinkiri: kafin ya farga zuciya ta hau, ka riga ka ajiye ƙarfen.

Kafin ka kashe ko kwabo: matsar da agogon sama, kamar faɗin yatsu biyu daga ƙashin nan da ya turo a tsintsiyar hannu, inda akwai tsoka. Ƙara ɗaure shi rami ɗaya lokacin gudu, yadda ba zai zame ba amma ba zai shaƙe hannun ba, ka sassauta in ka gama. Goge gilashin bayansa, domin gishirin gumi da basilin suna dusashe shi. Sannan ka yi tafiyar minti biyar zuwa goma kafin ka fara gudu, jini ya zagaya, agogon ya kama bugun gaske tukuna.

Mai Waya Ikeja:
Alhaji wane iri ka saya tukuna? Ni sana'ata ce, zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa cinikina. Akwai masu araha da ake shigowa da su a kwali-kwali, kwalin ya yi kyau, ga koren haske na walƙiya, amma lambar da suke nunawa ba ta da alaƙa da jikinka. Ko kana barci ko ka hau bene hawa huɗu, tsakanin saba'in da tamanin da wani abu za ka gani. Wasu ma har "hawan jini" da "suga" suke nunawa, mutane na yarda. Kada mai hawan jini ya kuskura ya dogara da wannan, ya nemi na'urar da ake naɗawa a damtse. Gwajin da nake ba masu saye: ka duba lambar a tsaye, ka yi tsalle-tsalle na minti ɗaya, ka tsaya cak ka sake dubawa. Na kirki zai hau sannan ya sauko a hankali. Wancan gwajin da ake yi na ɗaura shi a jikin kwalba ko ayaba ba hujja ba ce sosai, don ko na asali wani lokacin yakan fitar da lamba a kai.

Ɗan Agege:
Na kamfani sananne ne, matsakaicin kuɗi, a shago na saya da rasit. Kuma yana hawa yana sauka in na hau bene.

Injiniya Obalende:
Ku daina wahalar da kanku. Waɗannan abubuwa ba don baƙar fata aka ƙera su ba. Sinadarin da ke sa fatarmu duhu shi ma yana shanye koren haske, to me ya rage ya dawo wa agogon? Turawa sun gwada a jikinsu sun kawo mana.

Malamar Kimiyya:
Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce. Fata mai duhu ta fi shan koren haske, wannan babu gardama, kuma kamfanonin kan ƙara ƙarfin hasken don cike giɓin. Amma da aka zo gwaji, abin bai fito a fili haka ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun gwada agoguna iri shida a jikin mutum 53 masu launin fata daban-daban, suna kwatantawa da awon ECG, wato awon lantarkin zuciya irin na asibiti. Ba su sami wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin launukan fata ba. Abin da suka samu shi ne kuskuren ya fi yawa da kusan kashi 30 cikin ɗari lokacin motsi a kan lokacin hutu. An soki binciken cewa mutanen sun yi kaɗan, musamman masu duhu sosai irinmu, kuma sukar tana da tushe. Ni dai abin da na ɗauka: launin fata na iya ƙara wa agogon wahala, amma ga mutumin da agogonsa ke daidai a zaune ya rikice a guje, motsi ne babban mai laifi. Fatarsa ai ba ta canja launi in ya fara sassarfa.

Wani abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne lissafin kalori. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a kalori wadda ta fi kowacce ƙoƙari ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe kuwa da kashi 93. Ga masu cewa "agogo ya ce na ƙona 600, a ƙaro mini masa", to ku ji.

Hajiya Mai Turare:
Tunda an zo nan bari in tambaya. Ni tafiya kawai nake yi a gadar Lekki zuwa Ikoyi da yamma. Duk lokacin da aka yi mini baƙin lalle har tsintsiyar hannu, sai nawa ya riƙa ɗaukewa. Lallen ne?

Malamar Kimiyya:
Hajiya, Apple da kansu sun rubuta cewa tawadar zanen jiki na iya tare hasken. Duk abin da ya yi duhu tsakanin gilashin da fata abin zargi ne. Ki matsar da shi inda zanen bai kai ba, ko ki ce wa mai lallen ta bar miki gurbin agogo.

Likitan Zaure:
Na karanta duka. Bayanin Ɗan Tsere daidai ne, kuma shi ne mafi kusa. Amma Malam Ɗan Agege, ba zan bari a rufe maganar a kan agogo kaɗai ba, domin akwai ciwon da shi ma yake sa zuciya ta yi tsalle farat ɗaya daga ɗari zuwa ɗari da saba'in ko fiye, ta kafe, sannan ta faɗo farat ɗaya. Daga zanen manhaja kaɗai ba kullum ake rarrabewa ba. Yatsunka ne za su raba gardama. Da ka ga 174, tsaya nan take, ka ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a tsintsiyar hannu ta gefen babban yatsa. Kada ka sa babban yatsan, yana da nasa bugun. Ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Kada ka tsaya shan ruwa tukuna, don zuciya na fara sauka da zarar ka tsaya. In ka samu talatin da wani abu, wato wajen 130 zuwa 145, agogon ne. In ka samu 43 ko 44, ko ka ji bugun na tsallake-tsallake ba tsari, to agogon ya yi gaskiya, ka zo asibiti.

Lissafin 220 ɗin nan kuma ƙiyasi ne na jimla, ba doka ba. Mutum biyu da shekarunsu suka zo ɗaya na iya bambanta da bugu goma, har ashirin. Abin da na fi so ka riƙe shi ne gwajin magana: in kana iya jera jimla kana gudu, kana matsakaicin mataki. In sai kalma ɗaya-ɗaya kake fitarwa, ka matsa da yawa.

Tambaya: an ɗora ka a kan magani? Irin su atenolol da bisoprolol suna danne bugun zuciya, mai shan su ba zai kai lambobin da agogo ke nema ba, kuma bai kamata ya bi su ba. Sannan ko me agogo ya nuna, in ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ciwo na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, duhun gani, ko hakin da ya wuce aikin da kake yi, ka tsaya, a kai ka asibiti a ranar. Agogunan da ke da ECG ma sai mutum ya zauna shiru na daƙiƙa 30, kuma ba sa gano ciwon zuciya irin na toshewar jijiya. Da shekara 41 da jinin da ya fara hawa, ga burin kilomita 10, ka je a yi maka ECG na asibiti a duba jinin sosai. LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, bai yi maka nisa ba, asibitocin gwamnati da dama ma suna yi. Faɗa wa uwargida Likita ya ce tsoronta na kan hanya, amma ba a ce ka daina ba.

Kada kuma a manta da zafin Ikko. Iskar nan cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki na tura jini fata don ya huce, sai bugun ya riƙa hawa a hankali ko gudun bai ƙaru ba. Wannan hawan na gaske ne. Sha ruwa kafin ka fita.

Ɗan Tsere Surulere:
In ka gama da asibiti kuma kana son lamba ta gaskiya, sayi ɗamarar ƙirji. Ita ba haske take amfani da shi ba, lantarkin zuciya take ji kai tsaye, dabarar da kamfanin Polar na Finland ya fito da ita tun 1982. Polar H10 da na Garmin su ne aka fi sani. Ka jiƙa wurin da ke taɓa fata kafin ka ɗaura, ka ɗauraye ta bayan gudu don gishiri na cinye ta. H10 ƙaramin batiri CR2025 take ci, irin na masu gyaran agogo. In ɗamara ta takura maka, akwai ta damtse irin Verity Sense: haske ce ita ma, amma damtse ya fi tsoka kuma bai kai tsintsiya girgiza ba. Ka fara duba ko agogonka na karɓar na'urar waje ta bulutut, don ba duka ke yi ba.

Ɗan Agege:
Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Likita, ba a ɗora ni a kan magani ba tukuna. Yau da asuba na gwada: agogo na 174, na tsaya na ƙirga 35, wato 140, kuma bugun a jere yake. Na duba manhaja, takuna 173. Da na matsar da shi sama na ƙara ɗaurewa, a zagaye na biyu ya zauna tsakanin 138 da 146, sau ɗaya kawai ya yi tsallen ya dawo. ECG ɗin zan je ranar Litinin in sha Allah, uwargida ta ce ƙafarta ƙafata. Sai dai na bincika, agogon nawa ba ya karɓar ɗamara. Ke nan sai na canja agogo?

Ɗan Tsere Surulere:
A'a Yaya, haɗa ta da waya kawai. Manhajar Polar ko Strava za su karanta ta, wayar na aljihu ko jakar ƙugu. Muna haɗuwa ƙofar babban filin wasa na Surulere ranar Asabar ƙarfe shida. In sakamakon ya fito lafiya ka zo, ina da tsohuwar ɗamara, ka gwada ta kafin ka sayi taka.

Mai Gwanjo:
In za ka sayar da agogon dai ina ciki. Nawa ka saya?