Hutun mako guda a gida da ƙananan yara: yaya za a tsara shi har iyaye ma su huta?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni da maigida mun samu hutun kwana 7 a lokaci ɗaya, kuma ba ma son doguwar tafiya saboda yara. Babban shekararsa 4, ƙaramar watanta 14. Niyyarmu mu zauna a gida, mu riƙa fita nan kusa-kusa, wataƙila mu kwana ɗaya a otal ɗin da ba shi da nisa. Don Allah yaya ake tsara kwanakin yadda yaran za su ji daɗi, mu ma mu huta? Ba na so ya zama wanki da girkin kullum ne aka sauya wa suna. Sau nawa ya kamata a fita, kuma me ake ɗauka?

Goggon Yara:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da barcin ƙaramar, sai ki ɗora sauran abubuwan a kansa. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana. Ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. A wata 14 yawancin yara suna gaɓar komawa daga barcin rana sau biyu zuwa sau ɗaya, kuma da wuya su wuce wajen awa 4 ido biyu ba su fara rigima ba. Wannan awa 4 ɗin ita ce duka lokacin fitarku, har da shiri da hanya.

Saboda haka fita ɗaya a rana, kuma da safe. In ta tashi ƙarfe 7, ku bar gida 8:30, ku dawo kafin 11:30. Kada wurin ya wuce tafiyar minti 20 zuwa 30. Wurin wasan yara, gidan namun daji, laburare mai sashen yara, ko fili mai inuwa da za su yi gudu, duk ɗaya ne a wurinsu.

Abin da ya fi lalata yini shi ne gyangyaɗin mota a hanyar dawowa. Ta yi minti 10 tana barci a kujera, kun iso gida ta farka, wannan ɗan barcin ya kashe mata jin barci amma bai cire mata gajiya ba. Sai ta ƙi kwanciya, la'asar na yi kuka ya ɓarke, dare ma ya rikice. Maganinsa ku taso da wuri tun ba ta fara murza ido ba, babba ɗaya ya zauna a baya yana yi mata wasa har a iso.

Lokacin kwanciyar dare kada ya gusa fiye da minti 30 zuwa awa 1. Mutane suna zaton in yaro ya kai dare zai makara da safe. Ƙananan yara ba haka suke ba: wanda ya gaji tiɓis sau da yawa ya fi saurin farkawa da asuba, kuma da fushi.

Ba kuma kowace rana ake fita ba. A kwana 7, fita 3 ta isa. Otal zai ci muku kwana 2, wato ranar zuwa da ranar dawowa. Sauran biyun a gida.

Shi babban, ki zana masa gida 7 a takarda, kowane gida da hoton abin da za a yi ranar, ki manna daidai tsayinsa. Zai rage tambayar "yaushe za mu je?". Ki riƙa ba shi zaɓi tsakanin abu biyu kawai, ba "ina kake so mu je?" ba. In lokacin tashi daga wuri ya yi, kada ki ce masa saura minti 5, bai san minti ba. Ki ce "sau 3 a kan lilo, sai mu tafi", ku ƙirga tare.

Abban Yara:

Abin da Goggo ta faɗa haka yake. Sai dai wannan tsarin yara zai hutar. In kuna so ku ma ku huta, Hajiya, dole ku yi karɓa-karɓa, kuma a rubuta shi tun kafin hutun ya fara. Abin da ba a rubuta ba, kan uwa yake komawa.

Kowa ya samu awa 3 nasa shi kaɗai, aƙalla sau 3 a makon. Mai hutun ya fita daga gidan, ko kuma mai aikin ya fitar da yaran. Shiga ɗaki a turo ƙofa ba ya aiki, domin muddin yarinya ta san uwarta na ciki, bakin ƙofar za ta tsaya tana bugawa, uwar kuma ba za ta iya jurewa ba. Tashin safe ma a raba: yau ke, gobe shi. Wanda ba ranarsa ba ya yi barcinsa har ƙarfe 9 ba mai tashinsa.

Aikin gida kuma a gama shi kwana 2 kafin hutun. A wanke kaya duka, a yi cefanen mako, a dafa abincin dare na kwana 3 ko 4 a kasa shi a robobi a sa a firiza, kowace roba cin zama ɗaya. A cikin makon, wanki sau ɗaya, shara ta minti 15 bayan yara sun kwanta, shi ke nan. A yi yarjejeniya cewa ba gyaran famfo, ba fenti, ba kwashe kayan sito. Waɗannan su ne ɓarayin hutun gida, saboda ido yana ganinsu kullum, sai a ce "bari in ɗan taɓa", yini ya tafi.

Sai waya. A sa amsa ta kai tsaye a imel ɗin aiki da ranar dawowa, a kashe sanarwar zaurukan aiki. Abokan aiki su san hutu kuke, ba sai sun san kuna gari ba. Wanda ya san kana kusa zai ce aikin minti 5 ne.

Akwai binciken da aka buga a 2010 kan mutum 1,530 a ƙasar Holan. An ga masu shirin tafiya hutu sun fi waɗanda ba za su je ba farin ciki kafin tafiyar. Amma bayan an dawo, waɗanda hutunsu ya kasance cikin cikakkiyar natsuwa ne kaɗai farin cikinsu ya ƙaru. Ni abin da na ɗauka a ciki: ku sa ranar tun da wuri ku riƙa ɗokinta tare da yaran, kuma duk abin da zai kawo gaggawa ku cire shi, ko da yana da kyau a hoto.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batun karɓa-karɓar nan ban taɓa kawo shi a raina ba. Saura otal ɗin: ya dace da mai wata 14 kuwa? Akwai wurin ninkaya, babban yana ta ɗoki.

Anti Nas:

Ya dace, Maman Biyu, in an shirya. Yawancin otal da rana suke ba da ɗaki, don haka ki bar ta ta yi barcin ranarta a gida, sannan ku tafi. Ki kira tun da wuri ki tambayi gadon yara, ki nemi ɗakin da ba shi da baranda, nesa da zauren taro. In da hali ku ɗauki mai falo, in ba haka ba yara na kwanciya ƙarfe 7:30 za ku zauna cikin duhu kuna raɗa. Ki tafi da zanin gadonta na gida da abin da ta saba runguma, ƙamshin da ta sani yana taimaka mata ta kwanta a baƙon wuri.

Kuna shiga, kafin a sauke ta, ki durƙusa ki dubi ɗakin daga tsayinta. Soket, wayar butar dafa ruwa da ke lilo, igiyar labule, kofin gilas, kujerar da ke kusa da taga. Rimot da duk wani abu mai ƙaramin batir mai kama da maɓalli a ɗaga shi sama. In yaro ya haɗiye irin wannan batir, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2, kuma asibiti ake nufa nan take, ba a jira. Ƙofar banɗaki a rufe kullum.

Ruwa shi ne abin da na fi jin tsoro. Yaro yana nutsewa shiru, ba ihu ba fantsama, kuma ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya kifa a ciki. Dukansu biyu kada su wuce inda hannun babba zai kai. Robar hannu da ake hurawa abin wasa ce, ba ta ceton rai. Haɗarin ya fi yawa in manya biyu na wurin, kowa yana zaton ɗayan na kallo. Ku faɗa da baki: "ni ke kallo yanzu", ba waya a hannu, ku sauya bayan minti 15. In dukansu za su shiga ruwan, babba ɗaya ga yaro ɗaya.

Mota kuma, ko minti ɗaya kada a bar yaro a ciki shi kaɗai, ko da an sauke gilas kaɗan. Zafin cikin mota yana ƙaruwa da kusan digiri 11 a ma'aunin Salshiyos cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5.

Jakar kwana ɗaya: famfas 8, kayan sawa kala 3 ga ƙaramar, 2 ga babban, riga ɗaya ta canji gare ki, leda ta kayan da suka ɓaci, ruwan sha, abin taɓawa da suka saba ci, hula, ma'aunin zafin jiki, gishirin ORS, da farasitamol na yara. Farasitamol ɗin ana auna shi da nauyin yaro ne, miligiram 15 ga kowane kilo, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Ki duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalbar, domin ba duka suke ɗaya ba, kuma ki yi amfani da sirinji ko cokalin da ya zo da maganin. Fitar safe ta awa 3 kuwa famfas 3 da canjin kaya ɗaya sun wadatar.

Malamar Nazire:

Ni ranakun gidan zan yi magana a kai, don ina ganin kada a cika musu tsari. Mako guda kafin hutun ki ɓoye rabin kayan wasansu, sai ki riƙa fito da biyu ko uku kowace safiya. Abin da yaro ya kwana bai gani ba sabo ne a wurinsa. Zanin gado a kan kujeru biyu ya zama tanti, a ci abincin rana a ciki. Babban kwali da kalar zane sukan riƙe ɗan shekara 4 fiye da abin wasa mai tsada. In za a yi wasan ruwa a baho, a tsaya a kansu, a zubar da ruwan ana gamawa.

Talabijin da waya: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 1 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, sannan su samu motsa jiki na aƙalla minti 180 a warwatse cikin yini. Ki ajiye awar babban daidai lokacin da ƙanwarsa ke barcin rana, ta haka gidan zai yi tsit ku samu ku miƙe. A gaya masa tun farko kashi nawa zai kalla, a kashe a ƙarshen kashi, ba a tsakiya ba.

Otal ɗin kuma ku sa shi a kwana na 4 da na 5. Kwana na 7 kada a je ko'ina: a mayar da lokacin tashi, na ci da na kwanciya yadda suke a ranakun aiki, a haɗa jakar makaranta tun da yamma.