Neman shawara kan tafiyar yini guda a hanya mai zagaye cikin gandun daji

Ina neman shawarar waɗanda suka saba doguwar tafiyar ƙafa a gandun daji mai duwatsu. Hanyar da nake son bi tana zagayowa ne ta dawo inda aka tashi, tsawonta kusan kilomita 30, hawanta ya kai mita 1,200, kuma ba a yarda a kwana a ciki ba.

Ƙa'idar Naismith ta 1892, wadda ake ƙiyasta lokacin tafiyar ƙafa da ita, ta ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600, wato awa 8 ke nan. Sai dai ba ta lissafa hutu da gajiya ba, balle ruwan sha, wanda kowace litarsa kilo guda ce a bayan mutum.

Inda abin ya cije mini shi ne ɓangaren da zan fara. Idan na fara da hawan dutsen tun ina da ƙarfi, ba zan isa rafin da ake tsallakawa ba sai da la'asar, lokacin da narkewar ƙanƙara ke ƙara masa ruwa, kuma idan ya ƙi tsallakuwa, duhu zai riske ni kafin in koma ta inda na fito. Idan kuwa na fara da rafin, hawan zai same ni a gajiye da tsakar rana.

Don Allah, wanne ya fi aminci? Sannan yaya ake tsayar da lokacin juyawa a irin wannan hanya, tunda rabin nisanta ba shi ne rabin lokacinta ba?