Neman shawara: yaya zan gane motsin ruwa na gaskiya a cikin hayaniyar awo?

Salamu alaikum 'yan gurup. Ina masta nan Yamai, na saka na'urar awon tsayin ruwa a wata rijiya hanyar Kollo, tana ɗauka duk minti 10. So nike in gane lokacin da ruwan damina ke shiga ƙasa, amma layin sai tsalle yake sama da ƙasa, wani lokacin ma ba a yi ruwa ba. Na sa iyakar sigma 3 a Excel (wato ta yi gargaɗi in awo ya kauce wa matsakaici ninki uku na yadda ya saba kaucewa), kusan kullum sai ta ce min akwai abu. Dan Allah ku taimaka, ajiye memuwar (kundin binciken masta) ya matso.

Ɗan Tawa: Wa alaikumussalam ƙanena. Yi lissafi mana, awo 144 kake samu a yini, sigma 3 kuma ko ba komai tana yin ƙarya wajen sau 3 cikin 1000, kenan duk kwana biyu zuwa uku sai ta tashe ka a banza. Wannan ma in hayaniyar daidai take kullum, taka kuwa ba daidai take ba, da sassafe mata na jan guga ruwa ya sauka, sai tsakar dare rijiya ke cikowa. Ka ɗauki awon ƙarfe 3 zuwa 5 na dare kaɗai, ka fidda mediyan ɗinsa (awon da ke tsakiya in ka jera su daga ƙarami zuwa babba), kar ka yi muwayen (a tara duka a raba), tsalle ɗaya na ɓata muwayen.

Wata injiniya: Na'urar taka irin wadda ake nutsawa cikin ruwa ce? In ita ce har nauyin iska take aunawa, sai ka cire na barometa (ma'aunin nauyin iska) tukunna, in ba haka ba za ka ga ruwa na hawa alhali yana nan inda yake. Kuma ka riƙa zuwa da igiya kana gwadawa da hannunka, na'ura kan goce a hankali.

Malam: Ɗana, abin da kake nema ba tsalle ba ne, hawa ne kaɗan kaɗan da ke zuwa bayan tabki ya cika. Lissafin da ake kira CUSUM ya fi dacewa, wani masani Page ya fito da shi 1954, yana tara ƙananan saɓani har su taru su wuce iyaka. Iyakar kuwa ka gina ta da awon rani lokacin da ka san ba abin da ke shiga. Gwajin Pettitt, mai gano lokacin da jerin awo ya canza, ka bar shi wa jerin shekaru, irin karyewar damina ta wajen 1970.

Mai tambaya: Na gode Malam, Allah ya saka. Barometa ne ban da shi, na tashar meteyo ta filin jirgi zai yi?

Wata injiniya: Zai yi, Kollo ba nisa, ka dai daidaita agogonsu da naka.