Tseren karɓa-karɓa na kwana ana gudu: zai yiwu a Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne muke haɗuwa muna gudun motsa jiki bayan sallar asuba, sai ɗaya daga cikinmu ya kawo shawarar mu gwada irin tseren da ake yi a ƙasashen waje, wanda ƙungiya take raba doguwar hanya tsakanin 'ya'yanta, wannan ya gudu ya miƙa wa wancan, har gari ya waye. Ina neman bayani daga waɗanda suka san tsarinsa: yaya ake raba hanyar, kilomita nawa ke hawa kan mutum ɗaya, kuma za mu iya shirya shi a nan, misali daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi?

Malamin Wasanni, Arkilla:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yawanku ya yi daidai da tsarin da aka fi sani. Tseren Hood to Coast na jihar Oregon a Amurka, wanda aka fara a 1982, yana da tsawon kusan kilomita 320, daga kan dutsen Hood zuwa garin Seaside da ke bakin teku. An yanka hanyar zango 36, kowace ƙungiya tana da mutum 12, saboda haka kowa zai yi gudu sau uku, jimillarsa kilomita ashirin da wani abu. Tseren Ragnar, wani tseren karɓa-karɓa da ake shiryawa a wurare daban-daban a Amurka, shi ma haka yake tafiya. Ana kasa ƙungiya gida biyu, mutum shida a kowace mota: yayin da 'yan mota ta farko suke karɓar juna a zangonsu shida, 'yan ta biyu sun wuce gaba su ci abinci su ɗan runtsa, sannan a yi musanya. Abin da ake miƙawa ba sanda ba ce, wani ɗan awarwaro ne da ake maƙalawa a hannu, kuma da dare dole ne mai gudu ya sa riga mai ƙyalli da fitilar goshi da wata 'yar fitila mai walƙiya a baya.

Abin da nake so ku gane shi ne ba tsawon zangon ne wahalar ba, domin wanda ya saba da kilomita goma da safe ba zai ji tsoron zango mai kusan kilomita tara ba. Wahalar tana zango na uku, bayan mutum ya gudu sau biyu, ya zauna a takure cikin mota jijiyoyinsa sun sandare, bai yi barcin kirki ba, sannan a tashe shi a ce shi ake jira. Don haka kafin ranar ku riƙa gwada gudu sau biyu a yini ɗaya, safe da bayan isha'i, kuma ku ba mafi ƙarfinku zangon tsakar dare.

Tsohon Direba, Runjin Sambo:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma maganar Birnin Kebbi, yaro, ka ajiye ta. Waɗancan tseren ana yin su ne da izinin hukuma, da masu sa-kai a kowace mahaɗa, da alamun da aka kafa tun kafin ranar. Mu kuwa titunanmu na bayan gari ba fitila, manyan motoci da dare suka fi tafiya, wata ma da ido ɗaya, ga kuma halin tsaro da kowa ya sani. Ko jami'an da ke shingen bincike, idan suka hango mutum a guje da ƙarfe biyun dare mota na binsa a baya, ba tsere ne zai fara zo musu a rai ba.

Shawarata ita ce ku yi shi a killataccen wuri, ana kewayawa ana dawowa masauki ɗaya. Ba baƙon abu ba ne, domin Ragnar ɗin da Malam ya ambata yana da nau'in da mutum takwas suke kafa tanti wuri guda suna kewaya hanyoyi uku. Ku rubuta takardar neman izinin filin wasa na Giginya ko harabar wata babbar makaranta mai katanga da masu gadi, ku sanar da 'yan sandan yankin a rubuce. Lissafin ma mai sauƙi ne: daga tara na dare zuwa biyar na asuba awa takwas ke nan, kuma idan ana cin kilomita ɗaya a minti shida, za ku haɗa kilomita 80, wato ƙasa da bakwai ga kowannenku. Ga shi ba kuɗin mai, kuma ba wanda zai rasa jam'in asuba.

Ma'aikaciyar Jinya, Gawon Nama:
Ina goyon bayan Baba, sai dai a kula da zaɓen lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana, kuma ƙasa takan kwana da ɗumi, saboda haka Disamba ko Janairu ya fi. Shi ma hunturun yana da nasa: mutum ya gama zangonsa sharkaf da gumi, ya zauna a iska yana jiran na gaba, nan da nan sanyi ya kama shi. Kowa ya zo da riga busasshiya ga kowane zango, da bargo. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, idan kuma ƙura ta yi kauri a ɗage ranar. A sha ruwa kaɗan-kaɗan ko da ba a jin ƙishirwa, a ajiye ruwan gishiri da sukari, a ci dabino ko ayaba ko kunu tsakanin zango, a bar tuwo da nama sai an gama. Wanda ke da hawan jini ko ya taɓa jin ciwon ƙirji yana gudu ya ga likita tukuna.

Malamin Wasanni, Arkilla:
Ƙari kan maganar Baba: idan da'irar fili mai mita 400 kuka samu, kilomita 80 kewaye 200 ne, don haka ku riƙa sauya hannun da kuke kewayawa bayan kowace awa saboda gwiwa, kuma ku ware mutum biyu da ba sa gudu su riƙe littafi da agogo, domin bayan ƙarfe uku na dare ba wanda zai iya tuna kewaye nawa ya yi.