Wane suna za mu ba lufus da Hausa?

'Yan'uwa na Garwa, Marwa da Njamena, ku taya ni neman kalma. Ƙanwata ta fi shekara tana shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, jiki bai yi daɗi ba. Gaɓoɓi na ciwo, ga gajiya, gashi na bin mataji, bakinta duk gyambo. Sai da ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari na kumfa, aka yi gwajin jini na ANA (mai duba ko garkuwar jiki na yaƙar mai ita) da na fitsari, likita ya ce lufus ne, har ya taɓa ƙoda. Inna ta ce, "Da Hausa fa?" Na yi shiru.

Wani ya kawo "ciwon kyarkeci", tunda da Latin ma'anar kalmar ke nan. Ban yarda ba. A unguwarmu kana faɗin haka za a ce cizon dabba ne, ko a kai zancen ga maita.

"Ciwon malam-buɗe-littafi" ya fi daɗin ji, saboda tabon da ke shimfiɗuwa a kumatu biyu ya haye karan hanci kamar fukafukansa, ya tsananta in ranar Garwa ta buga. Amma ba kowa ke yinsa ba, kuma sunan zai sa a ɗauka ciwon fata ne kawai, alhali yana kama ƙoda, jini, huhu, har zuciya.

Wanda na fi tsoro shi ne "ciwon garkuwar jiki". Kunnen mutanenmu ƙanjamau zai ji. Cikin masu lufus 10, kusan 9 mata ne, yawanci a shekarun aure da haihuwa. Ku duba abin da wannan ruɗani zai jawo wa budurwa. Ƙanjamau karya garkuwa yake yi. Nan kuwa sojojin jiki ne suka juya wa mai gida, kuma ba a ɗauka daga wani.

Shi ya sa nake ganin mu bar lufus yadda yake, mu ɗora masa bayani: ciwon tawayen garkuwa. Tawaye yakan tashi ya lafa, haka shi ma. Maganin ma kwantar da tarzoma yake yi, ba ya raba mutum da ciwon: haidirosikulorokwin, dangin Nivaquine da muka sani, kullum, tare da duba ido lokaci-lokaci, sai firedinison in ya motsa.

Na gwada wa Inna. Ta ce, "To, sojojinta ne suka yi bore." Tun ranar ta daina aiken yarinyar kasuwa da tsakar rana. Ku a Njamena me kuke ce masa?